Shafi Goma Sha Biyu Kawai

Ranar Litinin wasiƙar ta iso, kuma tun daga lokacin ban sake zama a kujera na minti biyar cikakku ba. Misis Holroyd, matar da ƙaramar hukuma ke turowa gidajen masu koyar da 'ya'yansu da kansu, za ta zo ranar Juma'a da ƙarfe goma, tana so ta ga aikin da 'yan biyuna suka yi a shekarar nan. A tsaye na karanta, a tsaye na sake karantawa, sannan na manna ta a jikin firij na juya mata baya, kamar hakan zai hana Juma'ar zuwa.

Ba Misis Holroyd nake tsoro ba, kowa ya ce mutuniyar kirki ce. Alkawarin da na yi wa mijina Gareth nake tsoro. A watan Satumban bara da na cire Tilda da Nell daga makaranta, da ƙyar da jiɓin goshi ya yarda. Ya ce shekara guda ya ba ni. Idan matar hukuma ta zo babu abin da za a nuna mata, yaran su koma aji, ni kuma in ja bakina in yi shiru. Na ce na ji na yarda, har da ɗaga hannu, don a lokacin gani nake koyar da yara biyu ba zai gagari wadda ta haife su ba.

Komawar nan kuwa na san abin da take nufi. Shekarunsu tara. Tilda haruffa ne ba sa tsaya mata wuri guda. Kalmar da ta karanta a layin sama, in ta sake haɗuwa da ita a layin ƙasa sai ta zama baƙuwa. Nell kuma karatu ba ya yi mata gardama, amma ka ce mata bakwai a tara da biyar, sai ta soma tauna hannun rigarta. Makarantar ta raba musu aji, wai don kowacce ta tsaya da ƙafarta. Abin da tsayuwar ta haifar shi ne Tilda ta riƙa amai kowace safiya a bakin ƙofar makaranta, har matar da ke tsallakar da yara titi ta soma ajiye mata tishu a aljihu. Nell ta cinye hannuwan rigunan sanyi uku. Ni nake wankin, ni na san abin da na gani.

To ga shi an shiga Yuni, me zan nuna? Manhaja biyar na gwada cikin wata tara. Ta farko wani tsohon littafi ne mai kauri, da hoton bushiya a bangonsa, wanda Glenys ta ba ni. Glenys dattijuwa ce a ƙungiyarmu ta iyaye masu koyarwa a gida, 'ya'ya huɗu ta koyar a teburin kicin ɗinta har suka zama mutane. Littafin ba kala, ba kwalliya: kowane shafi ɗan gajeren labari ne, a ƙasa tambayoyi, wasu na rubutu wasu na lissafi. Mun kai shafi na goma sha biyu, ranar da muka buɗe na sha uku Tilda ta kifa kanta a tebur ta fashe da kuka, Nell ta taya ta. Ni kuwa in akwai abin da ba na iya jurewa a duniya, kukan yaran nan ne a kan takarda. Ai saboda shi na cire su daga makaranta. Na rufe littafin na ce ya isa, laifinsa ne, gobe za mu samo wanda ya fi shi.

Na samo kuwa. Ta biyu daga Amurka ta zo cikin ƙaton kwali, kala-kala, har ƙamshi take yi. Sati uku Nell tana fama da hotunan tsabar kuɗi, ranar da ta fara gane su ranar na tuna cewa a shagon kusurwarmu fam da fenni ake karɓa, ba dala ba. Ta uku tiren yashi ne da haruffan katako, ana rubutu da yatsa. Kyanwarmu ta fi kowa fahimtar amfanin tiren. Ta huɗu a kwamfuta take, da wani koren kwaɗo mai tafi in an ci, in an faɗi kuma ya yi fuskar tausayi, Tilda ta ce kallon da yake mata irin na malamarta ta da ne. Ta biyar ba littafi ma, wata mata ce ta rubuta cewa a dai riƙa yawo da yara a daji, karatu zai zo da kansa. Mun yi yawon, mun samo taɓo da mura.

Abin da duk biyar ɗin suka haɗu a kai shi ne kowacce a shafinta na farko tana cewa a manta da abin da yaro ya koya a baya, a fara daga tushe. Ni kuma mai biyayya ce ga shafin farko. Saboda haka 'ya'yana sun koyi harafin farko sau biyar, sun ƙirga daga ɗaya zuwa goma sau biyar, kuma duk inda tafiya ta fara hawa tudu, hawaye ya zubo, sai in juya da su gindin tudun in sake musu takalmi.

Ranar Talata da safe Gareth yana cin gasasshen burodi a tsaye, da kayan aikinsa na gyaran na'urar ɗumama gida, ni kuma ina kaiwa da komowa tsakanin firij da taga.

Ya ce, "Lorna, don Allah ki zauna, kina sa ni jiri."

"Ina zaune."

"Da ƙafa? To ai ban san an canza ba."

Na ce masa ya saurara, na samo mafita. Gobe Laraba ranar musayar littattafai ce a zauren coci, kuma na ji ƙishin-ƙishin wata za ta kawo wata manhaja daga Scotland, da aka yi musamman don yara irin namu, da katuna masu launi da komai. Iyaye ɗari huɗu sun yaba mata a intanet. Wannan kam ita ce.

"Haka kika ce da ta kwaɗon."

"Wannan daban ce."

"Haka kika ce da ta yashin. Kin san mai kawo saƙon nan har sunan kyanwarmu ya sani? Rannan tambayata ya yi ya jikinta." Ya goge hannu a wando. "Laraba ki ɗauko, Juma'a mata ta zo. Karatun shekara za ki ɗura musu ranar Alhamis?"

"Zan nuna mata tsari."

"Tsari. Ni in na je gidan mutum cikin sanyi na nuna masa tsari, gidansa bai yi ɗumi ba, da tsintsiya zai raka ni."

Na ce masa abin da ya fi iyawa ke nan, ba'a. Sai ya ajiye kofin shayinsa, ya sassauta murya, wanda ya fi ba'ar ciwo.

"Ba mugunta nake yi ba, Lorna. Ni ma na ga aman nan, ni na wanke motar. Amma Tilda shekara tara, sunan titinmu ba ta iya karantawa. In kin kasa, ba abin kunya ba ne. Abin kunyar shi ne mu yi shiru mu ƙara musu wata shekarar a haka."

A iya sanina gaskiya ya faɗa. Da ya fita na ji haushinsa, na ji haushin kaina, na wanke kofin da na riga na wanke. Bayan abincin rana na koma kan kwamfuta kamar kullum, ina karanta abin da iyaye ɗari huɗun nan suka ce, ɗaya bayan ɗaya. Yaran suka ɗauki gwangwanin maɓallan kakarsu suka tafi rumfar katakon da ke ƙarshen lambu, wasan shago. Tun hunturu kullum sai sun yi wasan nan, awa biyu, wani lokaci da riguna uku-uku a jiki. Ban taɓa hana su ba, don shi ne lokacin da nake samun sararin nemo musu abin da zai taimake su.

Musayar littattafanmu tana da ƙa'ida. Kowane abu ka kawo a ba ka tikiti, da tikitin kake ɗaukar wani. Manhajar Scotland akwati ne guda, an ce sai mai tikiti biyar. Da safiyar Laraba na tattara komai: kwalin Amurka, haruffan katako, faifan kwaɗo, littafin matar daji. Mai bushiya ne na nema na rasa. Na duba kanta, na duba ƙarƙashin gado, na zazzage kwandon wanki, ina yi ina faɗa da gidan. Can na same shi a rumfar lambu, a bayan tukwanen fure, an lulluɓe shi da tsohon buhu. Na ce lallai yaran nan, wato littafin mutane suka mayar teburin shago. Na kakkaɓe shi na jefa a jaka ban ko buɗe ba, su kuma suna sama suna neman takalma.

Ƙa'ida ta biyu ita ce littafi ya dawo fes, yadda wani yaron zai yi aiki a ciki. Shi ya sa duk cikinmu ba mai barin yaro ya taɓa biro, fensir kawai. Kuma shi ya sa a kowace musaya akwai teburin gogewa kusa da butar shayi, inda iyayen da 'ya'yansu suka girma ke zama da kilina a hannu, suna goge aikin yaran wasu suna gulmar gari. Na san aikin 'ya'yana zan miƙa a goge, saura kwana biyu matar hukuma ta zo. Na yi tunanin hakan a mota. Amma shafi goma sha biyu nan, goma can, takwas can, ai ba aiki ba ne, tonon asiri ne. Gara in nuna mata sabon akwati.

Yaran suka ruga filin bayan cocin wurin sauran yara. Ni kuma na dire jakata a gaban Glenys. Ta ɗora tabarau, ta zaro littafin.

"A'a! Bushiyata ce ta dawo gida? Me ta yi miki, ta soke ki ne?"

"Ba ta dace da su ba, Glenys."

"Ba ta dace da su ba, ko ba ta dace da ke ba? Nawa huɗu duk ta cikinta suka bi, har da Owen, wanda kansa ya fi bangon cocin nan tauri." Ta ɗauki kilina. "Shafi nawa zan goge?"

"Goma sha biyu kawai."

"Sha biyu! Yarinya, ai ko gaisawa ba ku gama yi ba. Je ki, je ki, na ga idonki yana can."

Idona yana can kuwa. Akwatin yana kan teburin tsakiya, shuɗi, sabo fil, kuma Philippa, wadda ke da ɗa ɗaya da shi ma karatu ke ba shi wuya, tana dosarsa daga ɗaya ɓangaren. Muka isa tare. Ta ɗora hannu a murfin, na ɗora nawa a gefe, muka yi wa juna murmushi irin na mata biyu masu ladabi da ba wadda za ta saki.

Ta ce, "Lorna, ke ba ta kwaɗo kike yi ba?"

"Mun wuce nan."

"Da sauri haka? Masha Allah. Ni dai wannan tun bikin Ista nake jiranta."

"Ni kuma Juma'a matar hukuma za ta zo min."

"Ayya, sannu. To ai ba a fara sabon abu a satin ziyara, kowa ya sani."

"Ki bar ni da wannan, Philippa, ni biyu gare ni, ke ɗaya."

"Au, yanzu da yawan 'ya'ya ake rabo?"

Mun fi minti ashirin a haka. Muka buɗe akwatin tare, ba wadda ta ɗauke hannu, muna duba katuna, tana cewa ai sun yi wa 'yan shekara tara ƙanƙanta, ina cewa ai sun yi wa ɗanta girma. Na karanta shafin farko na littafin jagora, ya ce a manta da duk abin da yaro ya koya a baya. Wallahi sai na ji daɗi, na ji kamar an ɗauke min kaya. Ina cikin jin daɗin nan muryar Glenys ta ratsa zauren.

"Lorna! Zo nan. Ashe ke ya kamata a fara koya wa lissafin. Kin ce sha biyu, ga ni a talatin da takwas, wuyan hannuna ya ƙage, kuma ban ga ƙarshe ba!"

Na ce Philippa ta riƙe min, na nufi teburin ina shirin cewa ai tsohon rubutun Owen ne. Gaban Glenys ya cika da ɓarɓashin kilina. Tana ba matan labarin aikin da aka yi mata a gwiwa, hannunta yana ta tafiya shi kaɗai, shafi bayan shafi, sai da ya gaji sannan ta duba lamba. Ta turo min littafin.

Shafi na talatin da tara cike yake da fensir. Na arba'in ma haka. Na san rubutun nan kamar yadda na san fuskokinsu: na Nell ƙanana, a jere, kamar an dasa, na Tilda manya, a karkace, tana danna fensir kamar tana faɗa da takardar. A shafukan farko na abin da ya rage, duk inda ake son kalma hannun Nell ne, duk inda ake son lamba hannun Tilda ne. Na ci gaba da buɗewa. Wajen shafi na hamsin abin ya soma cakuɗewa. Ga kalma guda da hannun Tilda, an goge an sake, an goge an sake har takardar ta kusa hujewa. Ga lissafi da hannun Nell, a gefensa ta zana ƙananan da'irori masu huji huɗu-huɗu, bakwai a sama, biyar a ƙasa. Maɓallai ne. A shafi na sittin da wani abu Tilda ta rubuta jimla sukutum. A na saba'in da uku, inda fensirin ya tsaya, kowace tambaya an amsa ta sau biyu, da hannu biyu. Nan da can takardar ta yi ƙudu-ƙudu, irin yadda take yi in ruwa ya ɗiga a kai ya bushe.

Glenys ta cire tabarau. Ta ce a hankali, "Ba ki sani ba?"

Na girgiza kai. Matan teburin duk sun ajiye kilinarsu.

"Innalillahi. Da na san haka ne da hannun nan ya karye kafin in taɓa."

Ban ji shigowar yaran ba. Sun zo neman biskit, kumatunsu ja, gwiwoyinsu duk ciyawa. Tilda ce ta fara ganin bushiyar. Ta tsaya cak, ta dubi littafin, ta dubi ɓarɓashin da ke kan tebur, ta miƙa hannu ta buɗe shafi na ashirin, fari fat. Ba ta yi kuka ba. Da ta yi da ya fi min sauƙi. Nell kuwa hannun rigarta ya riga ya kai baki.

Na durƙusa a gabansu, a tsakiyar zauren coci, gaban kowa. Na ce, "Wannan ne wasan shagon?"

Nell ta gyaɗa kai.

"Tun yaushe?"

"Tun lokacin yashi."

"To me ya sa ba ku gaya min ba? Ni fa nake ta neman abin da zai..."

"Ai da kin ɗauke," in ji Nell.

"In ɗauke? Don me zan ɗauke?"

Ta cire rigar daga baki, ta dube ni irin kallon da ake yi wa wanda ya yi tambayar da ya san amsarta. "Mama, duk wanda muka yi kuka a kansa sai ki ɗauke ki kawo wani. Sai mu koma farko. Kullum farko."

Tilda, idonta har yanzu a kan farin shafin, ta ce, "Shi ya sa muke yin kukanmu a rumfa."

Wata tara ina zargin littattafai, ina zargin makaranta, ina zargin Gareth da rashin haƙuri, ashe mara haƙurin tana cikin rigata. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba, da wani baƙin ciki mai nauyi, don na tuna ranakun sanyin nan da nake leƙa su ta taga suna tafiya rumfa da riguna uku-uku, ina jin daɗin sun ba ni wuri.

"Shafi na sha ukun nan fa?" Na tambaya, don in ce wani abu.

"Kwana huɗu muka yi a kansa," in ji Nell. "Ni nake karanta mata, ita take jera min maɓallai. Bayan shi akwai masu sauƙi. Na arba'in da ɗaya ne mugu."

Tilda ta shafa shafin da yatsa, ta karkata shi wajen haske. "Nawa bai fita duka ba," ta ce. Gaskiya ne. Fensirin ya tafi, amma saboda yadda take dannawa, sawun lambobinta yana nan kwance a jikin takardar.

Philippa ta matso da akwatin a hannu, jikinta a sanyaye. Ta ce in ɗauka, ita za ta jira wani zagayen. Na dubi akwatin, kuma ba zan yi ƙarya ba, raina ya biya. Na ce ta tafi da shi. Glenys ta kakkaɓe bushiyar, ta miƙa wa Tilda ba ni ba, ta ce, "Riƙe abinki, 'yar nan. Kada ki sake ba uwarki ajiya."

Ranar Alhamis na tashi da sabon tsari, don mai hali ba ya fasa halinsa. Na fere fensira shida, na ce za mu zauna mu sake cike shafi talatin da takwas ɗin nan kafin gobe, ai sun san amsoshin, kafin la'asar mun gama.

Tilda ta ce, "A'a."

"Tilda, gobe matar nan..."

"Ba za mu koma baya ba. Saba'in da huɗu muke."

Nell ta matsa kusa da ita, kafaɗa da kafaɗa. Na dube su, na dubi fensirana shida. Na ce to, saba'in da huɗu. Suka ɗauki littafin da gwangwanin maɓallai suka nufi rumfa, ban ce su zauna a kicin ba, don ban ga ina da bakin cewa ba. Na share gidan sau biyu.

Juma'a Gareth ya ɗauki hutun safiya. Misis Holroyd ta zo ƙarfe goma daidai, da laima da jakar takardu. Na ba ta labarin duka, har da kwaɗon, ban rage komai ba, Gareth yana jingine da ƙofa yana ji. Tun daren Laraba na gaya masa, littafin kawai ya ɗauka ya daɗe yana dubawa. Matar ta ɗaga shafi na ashirin wajen taga ta ga sawun, ta wuce zuwa inda fensir yake, tana buɗewa a hankali. Sannan ta tambayi Tilda ko za ta karanta mata wani wuri, duk inda take so.

Tilda ta zaɓi shafi na sittin, labarin wani mutum da awakinsa. Ta ɗora yatsa. Layi huɗu ne, ta yi kusan minti uku a kansu. Sau biyu ta tsaya, Nell ta cije leɓe don kada amsar ta kuɓuce mata, ni kuma na riƙe gefen kujera. Ta kai ƙarshe da kanta. Nell ta ƙirga awakin da maɓallai, ta samu goma sha huɗu, ta sake ƙirgawa, goma sha huɗu. Misis Holroyd ta yi rubutu a takardarta, ta ce suna bayan sa'o'insu sosai, ba za ta ɓoye mana ba, amma tafiya ake yi, kuma za ta dawo a Disamba ta ga inda aka kai.

Da ta tafi Gareth ya juya littafin ya duba shafin ƙarshe.

"Ɗari biyu da goma," ya ce. "To a gama shi. Wannan, shi kaɗai, har bangon baya. In an gama sai mu sake magana." Ya ɗauki makullin mota. "Amma Lorna, in na sake ganin mai kawo saƙon nan a ƙofar gidan nan, ko takalmi ya kawo, ni da ke ne."

Yana faɗin haka ya yi saurin fita.

Bayan abincin rana na ga sun ɗauki gwangwanin za su fita. Na ce ana yayyafi, in suna so ga tebur. Suka dubi juna. Suka zauna a ɗarare, kamar baƙi.

Shafi na saba'in da biyar ashe shi ma mugu ne. Ina wanke-wanke, na ba su baya, ina jin Tilda tana cin karo da kalma ɗaya, ta koma, ta sake cin karo. Sai shiru. Sai na ji numfashin nan da na sani, mai zuwa kafin kuka. Wayata tana aljihun rigata, kuma kafin in ankara jiƙaƙƙen hannuna ya riga ya kai kanta, don na tuna wata uwa ta taɓa rubuta wani abu game da irin wannan kalmar, wata hanya mai sauƙi, wani littafi.

Na juyo. Hawaye yana zuba a fuskar Tilda, amma ba ni take kallo ba, hannun nawa take kallo. Ta ɗora tafukanta biyu a kan littafin ta danne shi da ƙarfi. Nell ma ta ɗora nata a kai.

"Mama," in ji Tilda, "kuka kawai nake yi."

Na zaro wayar, na buɗe akwatin burodi, na saka ta ciki na rufe.

"Na sani," na ce. "Yi abinki."

Na koma na buɗe famfo, na riƙe bakin wurin wanke-wanken da hannu biyu. Ta yi kukanta, mai tsawo, kowane sauti yana taɓa ni har ƙashi, ban juya ba. Ruwan ya cika kwano ya soma zuba. Can, a ƙarƙashin ƙarar ruwan, na ji ta ja hanci, na ji an ja kujera gaba kaɗan, sannan na ji fensir ya soma tafiya a kan takarda.